An cire wa maiɗakina ƙari a jijiyar kunne, fuskarta ta karkace: me za mu yi mata a gida?

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah mazaunin Agege, mai harkar albasa a kasuwar Mile 12. Sati shida ke nan da aka yi wa maiɗakinsa tiyata a nan Legas, aka cire mata ƙari daga jijiyar kunnen dama. Likitoci sun ce ba ciwon daji ba ne. Amma ta dawo gida bakinta a karkace, idon dama ba ya rufuwa, kunnen ya daina ji, in ta miƙe sai ta yi layi. Ta daina fitowa ko ƙofar ɗaki, ta kife madubi. Mahaifiyarta ta ce a kai ta gida Katsina a nemi na gargajiya. Yana so ya san ko za ta dawo daidai, da abin da ya kamata su yi.

Malam, sannu da jinya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni likitan fisiyo ce, wato mai gyaran motsin jiki ta hanyar atisaye, aikina kenan da masu ciwon jijiya, kuma abin da ka bayyana na sha ganinsa. Zan faɗa maka abin da na sani, amma likitan da ya buɗe kan nan shi ya ga abin da ke ciki, don haka duk inda maganata ta saɓa da tasa, tasa za ka bi.

Bari ka fahimci inda aka yi aikin. Ƙarin da likitoci ke kira akustik niroma yana tsirowa ne daga rigar jijiya ta takwas a cikin jijiyoyin kai goma sha biyu, wadda ke ɗauke da saƙon ji da saƙon daidaiton jiki daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana bi ta wani siririn rami a cikin ƙashi, kuma a cikin ramin nan tana kafaɗa da kafaɗa da jijiya ta bakwai, wadda ke motsa fuska, ta rufe ido, ta sa hawaye ya zubo, ta kuma kawo ɗanɗanon gaban harshe. Yayin da ƙarin ke girma sai ya danne wannan jijiyar fuskar, ya shimfiɗa ta har ta zama kamar fatar albasa a jikinsa. Aikin likita shi ne ya ɓare wannan fatar ba tare da ta tsinke ba. Ko ya yi nasara, jijiyar takan sha wuya ta yi suma. Shi ya sa duk abubuwan da ka lissafa suka taru a ɓangare guda. Kuma wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce irin ta hawan jini. Ka dubi goshinta: a irin nata, gefen dama ba ya tattarewa in ta ɗaga gira, alhali mai shanyewar ɓarin jiki galibi goshinsa na motsi.

Ranar komawa asibiti ka tafi da tambayoyi uku a rubuce. An bar jijiyar fuskar a haɗe, ko ta tsinke an jona ta? An cire ƙarin duka, ko an bar ɗan guntu a jikin jijiyar don a tsira da ita? Yaushe za a sake hoton cikin kai na MRI? Amsar ta farko ita ce ke nuna irin jiran da za a yi. In jijiyar a haɗe take, akwai kyakkyawan fata. Jijiya tana tofowa kamar milimita ɗaya a rana, wato wajen inci guda a wata, don haka motsin farko kan iya ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya bayyana, sauƙi kuma ya ci gaba har shekara ko shekara da rabi. Akwai ma'aunin House da Brackmann da ake amfani da shi tun 1985, daga mataki na 1, fuska lafiyayya, zuwa na 6, babu motsi sam. Ka roƙi a riƙa rubuta matakinta a kati duk zuwa. In an doshi shekara babu ko ƙyas, ba a ci gaba da zaman jira, domin naman fuskar yana lalacewa in ya daɗe babu jijiya. A lokacin ake maganar aro reshe daga jijiyar harshe ko ta tauna a jona. Kunnen kuwa, in an ce jijiyar jin ta tafi da ƙarin, gaskiya ba zai dawo ba, kuma gara a faɗa mata da a bar ta tana jira.

Yanzu abin da ya fi damuna a cikin tambayarka, wanda kai ka ambata a wuce: ido. Kowa bakin yake kallo, domin shi ake gani. Amma baki zai iya jiran shekara, ido ba zai iya jiran sati ba. Mutum yana ƙiftawa sau da yawa a kowane minti ba tare da ya sani ba, kowace ƙiftawa tana shafa wa baƙin ido ruwa. Nata ba ya rufuwa, hawayen ma mai yiwuwa ya ragu. In ya bushe sai ya yi gyambo, gyambo ya bar tabo, tabo ya tafi da gani. Abin da ya fi haɗari, a wasu mutanen ƙarin ya taɓa jijiya ta biyar mai kawo jin zafi, don haka idon na iya cin rauni ba ta ji komai ba. Kada ka jira ta ce yana mata ciwo. Kullum da safe ka kai ta bakin taga ka duba da kanka: ya yi ja? Akwai ɗan farin ɗigo a kan baƙin? Tana ganin hazo? In ka ga ɗaya daga ciki, ranar za a ga likitan ido, ba gobe ba.

Da rana ana ɗiga maganin jiƙa ido wanda likita ya rubuta, a kai a kai, wani lokaci duk awa ɗaya ko biyu. Da dare a sa man ido, a ja fatar sama a rufe da yatsa, a manne da filasta mai laushi a gicciye. Kada a ɗora auduga a kan idon da ke buɗe, za ta goge shi. Na san zafin Legas, na san ba a barci babu fanka, amma a juya fankar ta daina hura mata fuska. Turaren wuta, hayaƙin gawayi, hayaƙin janareton maƙwabta, ƙurar hunturu, duk abokan gaba ne. Kwalli a ajiye shi tukuna. In za ta fita ta sa tabarau mai rufe gefe. Kuma don Allah kada a sayo maganin ido a kemis don an ce yana kawar da ja, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara lalata gyambo. In duk wannan bai wadatar ba, likitan ido zai iya ɗinke kusurwar fatar na ɗan lokaci, ko ya sa ɗan ƙaramin nauyi na zinare a fatar sama ta riƙa saukowa da kanta.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In ruwa garau kamar na famfo yana ɗiga daga hancinta, musamman in ta sunkuya, ko tana jin ɗanɗanon gishiri yana gangarowa maƙogwaro, ko wurin ɗinkin yana tsattsafo, wannan na iya zama ruwan ƙwaƙwalwa ne ke yoyo, kuma ƙofa ce ga sanƙarau. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ko yawan barcin da ba a gane ba, a nan garin abin da muka saba shi ne mu ce maleriya ce ko taifod mu aika yaro kemis. Ga wadda aka buɗe wa kai, a wuce asibitin da aka yi aikin, ko da tsakar dare ne. Har likita ya sallame ta daga wannan, ban da face hanci da ƙarfi, ban da shaƙar ruwa sosai wajen alwala, ban da ɗaukar jarka ko bokiti, kuma a ba ta ganye da 'ya'yan itace da ruwa don kada ta yi nishi a bayan gida.

To, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau, domin a nan ƙauna ke yin ɓarna. Mu Hausawa in muna son mara lafiya sai mu kwantar da shi. A kawo abinci gado, a kawo ruwan alwala gado, in ya yunƙura a ce yi zamanka. Ga jirin da ke damun maiɗakinka, wannan shi ne hanyar da za ta sa ya zauna mata. Jiki yana tsayuwa ne da saƙo daga wurare uku: kunnuwa biyu na ciki, idanu, da tafin ƙafa da gaɓoɓi. An yanke saƙon kunne ɗaya. Ƙwaƙwalwa za ta iya koyon aiki da abin da ya rage, amma ba ta koyo sai an motsa kai an ji jirin. Tun shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara atisaye a kan wannan, kuma har yau tushen aikinmu ke nan. Misali, a rubuta babban harafi a takarda a manna a bango daidai idonta. Ta zauna, ta kafe harafin da ido, tana juya kai dama da hagu a hankali na kamar minti ɗaya, sannan sama da ƙasa, sau uku ko fiye a rana. Jiri zai ɗan taso, ana so ya taso, in dai ya lafa cikin 'yan mintuna. Daga zaune a koma tsaye, daga tsaye a koma tafiya a barandar gidan tana waige-waige, kai kana gefenta ba ka riƙe ta ba. Amma a fara da likitan fisiyo ya gwada ta ya tsara mata gwargwadon ƙarfinta. Manyan asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja duk suna da sashen.

Ƙwayoyin jiri irin su Stugeron suna da amfani a kwanakin farko. In aka ɗore da su wata da watanni sai su hana ƙwaƙwalwa koyon da muke nema. In har yanzu tana sha, ka tambayi likita ko lokacin ajiyewa ya yi.

Duhu shi ne inda take da rauni, domin yanzu da ido take tsayuwa. In aka ɗauke wuta, mu ba komai, ita kuwa ƙasa ta ɓace mata. A ajiye tocila kusa da matashinta, a sa kujera 'yar tsugune a banɗaki ta yi wanka a zaune, a kula da katakon da ke kan kwata a ƙofar gida. Salla kuwa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ta yi a zaune babu damuwa. Idan likita ya yarda ta sunkuyar da kai, sai ta fara dawo da ruku'u da sujada sannu a hankali kusa da bango. Na lura matan da suka koma wa sallarsu a tsaye da wuri, da izinin likita, sukan fi saurin samun ƙafa, kuma ba abin mamaki ba ne, sunkuyawa da ɗagowa da waiwayen sallama duk irin motsin da muke koyarwa ne.

Kunne ɗaya ya rage, a tsare shi kamar ƙwai. Duk likitan da zai rubuta mata magani a gaya masa, musamman allurar jentamaisin da kwinin, waɗanda kan taɓa ji. Ban da tsinken ashana, ban da ɗiga mai. Mai kunne ɗaya ba ya gane ta inda ƙara ke fitowa, don haka odar danfo ko ta Keke ba za ta san daga dama take ko hagu ba. Kada ta tsallaka titi ita kaɗai a watannin nan, in akwai gadar sama a bi ta gada. In kuna tafe ka tsaya mata ta hagu, wajen kunnen mai ji. A gida a daina kiranta daga wani ɗaki, kuma kada a yi mata tsawa, ba ƙarfin murya take buƙata ba, a rage talabijin a fuskance ta. Akwai na'urar da ake kira CROS mai ɗauko sauti daga mataccen ɓangaren ta kai wa mai ji, za ku iya tambayar masu gwajin ji nan gaba. Ƙarar da wataƙila take ji a kunnen da ya mutu, kamar kukan gyare, ba aljanu ba ne, kuma yawanci takan daina damun mutum da lokaci ko da ba ta ɗauke ba.

Fuskar ita kanta kada a matsa mata. Na ga waɗanda aka sa su tauna cingam wuni guda, da waɗanda aka jona wa na'urar lantarki a kumatu. Tilasta wa fuskar da jijiyarta ba ta iso ba yakan ƙara wa lafiyayyen gefen ƙarfi ya ƙara janye bakin, kuma yana iya ƙara tsananta wata matsala da ke zuwa daga baya, inda jijiyar ke tofowa ta bi hanyar da ba tata ba, mutum ya yi murmushi ido ya tsuke, ko yana cin abinci hawaye na zuba. Tausa mai laushi da tafin yatsu ya isa yanzu. Bayan cin abinci ta wanke baki sosai, domin tuwo yakan maƙale a kuncin da ba ya motsi.

Maganar Inna. Kada ka ɗauke ta a matsayin abokiyar jayayya, uwa ce ta ga fuskar 'yarta a waya hankalinta ya tashi. Addu'a, sauka, sadaka, babu mai hanawa, ni ma ina roƙon a yi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tsaga ko ƙaho a fuska, hayaƙi a ido, da ɗura wani abu a kunne ko a hanci. Kuma tafiyar sama da kilomita dubu a mota, nesa da likitan da ya san kanta, a sati na shida, ban ga alherinta ba. Ka ce wa Inna ita ta zo, ko ta turo ƙanwa. In ta zo ka tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta, sannan ka damƙa mata aikin ido: ɗigo bayan kowace salla da tsakanin salloli, filasta da dare. Na ga tsohuwar da ta zo da ƙullin magani a bakin zane, ta koma ita ce ke tsare ƙofa tana hana a kunna turare a ɗakin.

Masu zuwa dubiya kuma kai ne mai gadinsu. Wata za ta shigo ta dafe ƙirji ta ce innalillahi, haka kika koma? Wata ta kawo labarin wanda bai warke ba. Ka riga su a waje, ka ce a gaishe ta kamar kullum, a yi hirar duniya, a taƙaita. Gajiyar da ke biyo bayan wannan tiyata ba lalaci ba ce, ƙwaƙwalwarta aiki biyu take yi don kawai ta tsaya ta saurara, kuma takan ɗauki watanni. Zan faɗi wani abu da ba ka tambaya ba, ka yi haƙuri. Macen da ta kife madubi akwai tambayar da ke cinta game da kai, ko ba ta furta ba, kuma in dangi suka fara raɗe-raɗin ƙarin aure a wannan lokaci, zai iso kunnenta mai ji. Ka kashe maganar. Ka zauna ka ci abinci kwano ɗaya da ita ko da miya na zubo mata ta gefen baki, ka dube ta a ido in kuna magana. Yara a gaya masu gaskiya daidai hankalinsu: jijiyar Mama ce ke barci, ba ta fushi da kowa. In ka ga ta daina ci, ba ta barci, tana kuka kullum ko tana cewa gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, ana maganinsa, a gaya wa likita.

Duk da haka akwai abin da kai da Inna ba za ku iya ba ta ba. Ciwon nan ba shi da yawa, ana lissafin kamar mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ɗari a shekara, don haka da wuya a ce a duk Agege ta san wani mai irinsa. In kun ce za ki warke, a ranta cewa take me kuka sani. A Amurka wata mata da aka yi wa wannan tiyata ce ta kafa ƙungiyar masu ciwon a 1981, saboda wannan kaɗaicin.

Na taɓa haɗa mata biyu a benci ɗaya a wurin aikina, bayan na nemi yardar kowacce. Ɗaya wata biyu da tiyata, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ba ta ce da kowa uffan. Ɗayar shekara biyu, mai sayar da abinci, bakinta bai koma daidai ɗari bisa ɗari ba amma sai ka lura za ka gane. Babbar ba ta yi wa'azi ba. Ta ciro wayarta ta nuna hotonta na watan farko, ta ce dubi, na fi ki. Ta sayi ruwan leda, ta sa yatsa ta tallafi leɓen ƙasa ta gefen da ya mutu, ta sha, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce in kin je biki ki nemi kujerar da mataccen kunnen zai kalli bango. Ƙaramar ta saki mayafin ta karɓi ruwan ta gwada. Abin da na yi sati uku ina nema ke nan ban samu ba.

Don haka ka roƙi nas ko likitan fisiyo a asibitinku su tambayi wata tsohuwar majinyaciya ko za ta yarda a haɗa su, ko ta waya ce. Ba dole sai Bahaushiya ba, Bayarabiya ko Ibo in ana jin juna da Turancin kasuwa ya wadatar. Ba dole ma sai mai irin ƙarin ba, wadda fuskarta ta taɓa shanyewa ta wani dalili za ta gane rabin abin. In aka sa ta a zauren WhatsApp na majinyata, a karɓi dabarun zaman yau da kullum da ƙarfafa gwiwa, a bar maganar magani ga likita, kuma a yi hattara da masu tallan ganyen da ke narkar da ƙari. Kada kuma ta auna saurinta da na wata, girman ƙari da halin da aka bar jijiya sun bambanta.

Kai ma ka nemi wanda zai riƙe maka rumfa kwana ɗaya a sati, cikin 'yan'uwan kasuwa ba za a rasa ba. Ranar ka fito da ita bayan la'asar, da tabarau, kana ta hagunta, ku taka zuwa bakin layi ku dawo. Sati mai zuwa ku ƙara gida biyu. Kuma tun yau ka ɗauki hoton fuskarta da yardarta, ɗaya a sake, ɗaya tana ƙoƙarin murmushi, ɗaya tana rufe ido, ka maimaita ranar ɗaya ga kowane wata a wuri guda da haske guda. Ba sai ta kalla yanzu ba. Ka tafi da su duk ranar asibiti.